Na haɗa sabuwar kwamfuta da hannuna, na danna maɓalli ta ƙi tashi

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Madina. Na yi kusan shekara ina tara kuɗi don in mallaki kwamfutar da zan riƙa aikin zane da gyaran bidiyo. Na sayi farosesa Ryzen 5 5600, madabod B450, ram DDR4 guda biyu masu gigabait 8, katin hoto RTX 3060, da fawa saflai mai wat 650. Wasu kayan a Jidda na saye su, madabod da fawa saflai kuwa oda na yi ta intanet. Daren Alhamis na zauna a ɗakina na haɗa komai ina bin bidiyo daki-daki. Da na danna maɓalli, shiru. Fanka ba ta juya ba, ko fitila ɗaya ba ta kama ba. Abokina ya ce madabod ɗin ne ya ƙone, in sayi wani. Don Allah me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanina. Allah ya sanya albarka a karatu, ya kuma sa ka mori abin da ka tara wa kuɗi. Na san yadda gaba ke faɗuwa a irin wannan lokaci, mutum ya kwashe awa huɗu yana ɗaure noti, ya danna maɓalli, abu ko gezau. Kafin komai ga roƙona: kada ka sayi madabod, wato babban allon da sauran kayan ke hawa kansa, kada ka mayar da komai shago tukuna. Shekaru da dama ke nan ina wannan sana'a a Jidda, kuma yawancin sababbin kwamfutocin da ake kawo mini da irin wannan kuka, kayansu lafiya lau suke. Wata waya ce ba ta zauna ba, ko an cusa ta inda ba wurinta ba, ko wani ƙarfe yana taɓa inda bai kamata ba. Abokinka ya yanke hukunci kafin a yi bincike.

Abin da kake tambaya, idan na fahimce ka, shi ne yadda za ka gano wurin da wuta ta tsaya ba tare da ka ƙara kashe kuɗi ba. To mu fara raba abubuwa, domin "ta ƙi tashi" kalma ce da ake faɗa wa cututtuka uku daban. Akwai wadda take mace murus, ba motsi ba haske, irin taka. Akwai wadda fanka za ta yi juyi ɗaya ko biyu ta tsaya. Akwai kuma wadda komai yake juyawa, fitilu na ci, amma sikirin baƙi ƙirin. Ta farko matsalar hanyar wuta ce ko maɓalli. Ta biyu galibi alama ce ta cewa fawa saflai, akwatin da ke raba wa kayan wuta, ya ji haɗewar wuta ya kashe kansa don kariya. Ta uku kuwa wuta ta shiga, rigimar tana tsakanin farosesa da ram da katin hoto da BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta. Taka ce mafi ban tsoro a ido, amma sau da yawa ita ce mafi sauƙin magani.

Ka fara daga bango

Mu da ke zaune a ƙasar nan muna da wani abu da masu bidiyon da ka kalla ba za su faɗa maka ba. Tsofaffin gine-gine da yawa a Makka da Madina da Jidda suna da wuta iri biyu a gida ɗaya: soket mai bolt 127, wanda mutane ke kira "miya wa ashara", da mai 220. A shekarar 2010 gwamnati ta yanke shawarar komawa tsarin 230 a hankali, amma har yau akwai ɗakunan haya da za ka tarar da tsohon layin. Ka juya fawa saflai ɗinka, wanda 'yan shago a nan ke kira bawar, ka karanta takardar da ke manne a jikinsa. Idan an rubuta 100 zuwa 240, kowane soket zai ɗauke shi. Idan kuwa 200 zuwa 240 aka rubuta, kamar yadda ake yi wa wasu masu arha da aka ƙera don kasuwar Turai, ka sa shi a soket mai 127, zai iya yin shiru kamar matacce alhali ba abin da ya same shi. Tunda ta intanet ka saye shi, wannan ne abin da zan fara dubawa. Tsofaffin samfura kuma suna da wani jan makunni ƙarami a baya mai lamba 115 da 230. Idan naka yana da shi, ka tabbata yana kan 230 kafin ya shiga soket mai 220, don kuskure a nan yana ƙona shi nan take.

Sauran na bango ba su da tsawo. Soket ɗin nan mai ƙafa uku yawanci yana da nasa makunni, ka duba a kunne yake. Kan fulogi mai ƙafa uku yana da fis a cikinsa, kuma fis yana mutuwa, saboda haka ka ari wayar wata kwamfutar ka gwada. Ka cire tausila, wato wayar ƙarin soket, da duk wata adafta, ka shiga bango kai tsaye, a soket ɗin da ka ga caja ta yi aiki yanzu. Sannan makunnin bayan fawa saflai: gefen da aka zana sanda shi ne kunnawa, gefen da'ira kashewa.

Manyan wayoyi biyu da 'yar ƙaramar da ke ba mutane wahala

Madabod yana shan wuta ta hanya biyu. Akwai babbar waya mai ƙafa 24 da ke shiga gefen dama, da wata mai ƙafa 8 da ke shiga can sama ta hagu kusa da farosesa. Mai ƙafa 24 tana da tauri ƙwarai idan sabuwa ce. Mai haɗin farko yana tsoron kada ya karya allon, sai ya tura ta rabi ya bari. Ka sa yatsun hannu ɗaya a bayan gefen madabod ka tallafe shi, ka danna da ɗaya hannun har maƙallin roba ya kama da 'yar ƙara. Ka haska da fitilar waya: bai kamata ka ga tazara ko ta kaurin farce tsakanin kan wayar da mazauninta ba. Idan fawa saflai ɗinka irin wanda wayoyinsa ke cirewa ne, ɗaya bakin ma ka danna shi haka, domin sau da yawa a can ne ta saki.

Mai ƙafa 8 tana da 'yar'uwa da suke kama kamar tagwaye. Ta farosesa tana rabuwa huɗu da huɗu, an rubuta CPU a kanta. Ta katin hoto tana rabuwa shida da biyu, an rubuta PCIe ko VGA. Tsarin wutarsu ba ɗaya ba ne, kuma siffar ramukan an yi ta ne don kada ɗaya ta shiga wurin ɗaya, amma mai ƙarfin hannu yana iya tilasta ta. Duk wayar da ka ji sai da kokawa ta shiga, ka ciro ta ka karanta abin da ke jikinta. Wani gargaɗi da nake yi da babbar murya: kada ka taɓa aron wayar wani fawa saflai mai cirewa ka sa a naka, ko da bakin ya shiga daidai. Kowane kamfani da yadda yake jera wutar a ɓangarensa, kuma na ga hadis, wato faifan ajiyar bayanai, da katin hoto da suka tafi ta wannan hanya.

Yanzu ga wadda na fi zargi a lamarinka. Maɓallin da kake dannawa a gaban kes, wato akwatin kwamfutar, ba shi ne ke ba da wuta ba. Aikinsa kawai ya haɗa wasu 'yan ƙafafu biyu a kan madabod na ɗan lokaci, madabod ya ji, shi kuma ya umarci fawa saflai ya tashi. Waɗannan ƙafafu suna cikin wani ɗan rukuni a ƙasan allon ta dama, ana rubuta F_PANEL ko JFP1 ko PANEL a gefensa. 'Yan wayoyin da ke fitowa daga kes sirara ne, da rubutu ƙanana: POWER SW, RESET SW, HDD LED, POWER LED. Idan POWER SW ta kauce da ƙafa ɗaya tak, ko ka danna sau ɗari ba abin da zai faru. Kuma a nan ne bin bidiyo yake yaudarar mutum, domin madabod ɗin mai bidiyo ba lallai ya zama irin naka ba. Ka buɗe littafin da ya zo cikin kwalin, ka nemi zanen wannan rukuni.

Ga gwajin da nake yi kusan kullum a kan teburina. Ka zare duk 'yan wayoyin nan. Ka nemo ƙafafu biyun maɓallin wuta a zanen. Ka kunna fawa saflai, ka ɗauki sukundireba mai faɗin baki ka taɓa su biyun tare na daƙiƙa ɗaya, ka ɗauke. Ba abin tsoro, wutar wurin kaɗan ce ƙwarai, sai dai ka kula kada bakin ƙarfen ya zame ya taɓa maƙwabta. Idan fanka ta juya, to ka huta: kayanka lafiya, ko dai ka sa wayar a gurbin da ba nata ba, ko maɓallin kes ɗin ne ya zo da aibi. In maɓallin ne, kana iya sa wayar RESET SW a wurin ka riƙa kunnawa da shi kafin a canza maka.

Gwada fawa saflai shi kaɗai

Idan sukundireba bai tayar da ita ba, sai mu tambayi fawa saflai kansa. Ka kashe shi, ka zare duk wayoyinsa daga madabod da katin hoto da komai. A cikin waya mai ƙafa 24 akwai guda ɗaya da ke ɗauke da umarnin tashi, ƙafa ta 16, wadda a da ake yi mata koren launi. Idan aka haɗa ta da baƙar waya ta kusa da ita, fawa saflai zai tashi ko ba madabod. Na yanzu duk wayoyin baƙaƙe ne, saboda haka lissafi ake yi: ka riƙe kan wayar ramukan suna kallonka, maƙallin yana sama, ka ƙirga daga hagu a layin sama, rami na huɗu da na biyar. Ka lanƙwasa ƙarfen maƙale takarda ka cusa a cikinsu, sannan ka kunna. Ka gwada ƙirgenka da zanen littafin kafin ka kunna, kuma ka duba kwalin, don wasu kamfanoni suna sako 'yar robar gwaji da ke yin wannan aiki.

Fankarsa ta juya, yana da rai. Sai dai wasu na zamani ba sa juya fanka sai sun ɗau zafi, don haka ka maƙala masa fankar kes ɗaya in akwai mai irin bakinsa, ko ka auna da mita. Layin bolt 12 ya kamata ya nuna tsakanin 11.4 da 12.6, layin 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Idan ya ƙi motsi sam a soket ɗin da ka tabbatar da shi, ka kama ɓarawonka, sai maganar mayarwa. Wannan gwaji yana nuna mutuwa ne kawai, ba ya tabbatar da cikakkiyar lafiya, domin akwai wanda zai tashi ba kaya amma ya durƙushe da zarar katin hoto ya fara ja. Kuma ina haɗa ka da Allah kada ka kwance murfinsa don ka leƙa ciki. Akwai ma'ajiyar wuta a ciki da ke riƙe caji mai haɗari ko bayan an zare fulogi.

Fito da ita daga kes

Wannan matakin mutane suna ƙinsa saboda wahalar kwance abin da suka ɗaure, amma shi ne ya fi kowanne warware rigima. A ƙarƙashin madabod akwai 'yan ginshiƙan ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin kes don allon ya zauna a kansu bai taɓa bango ba. Kowane ginshiƙi dole ya faɗa daidai ramin noti. Kes da yawa suna zuwa da ginshiƙan a ɗaure bisa tsarin babban madabod, alhali B450 da yawa ƙananan samfuri ne da ramukansu ba su zo ɗaya da na babban ba duka.

Wani yaro ya taɓa kawo mini tasa daga Makka, ya riga ya mayar da madabod ɗaya an canza masa, na biyun ma ya ƙi. Idonsa ya yi ja, yana cewa an cuce shi sau biyu. Na kwance allon na ɗaga, sai ga ginshiƙi guda a tsaye a wurin da ba rami, ya ɗan goge bayan madabod ɗin har wurin yana ƙyalli kamar an karce shi da allura. Muka ɗora allon a kan kwalinsa, na taɓa ƙafafun nan biyu, fanka ta ɗauka. Ya yi shiru yana kallonta, sai da ya jima kafin ya ce alhamdulillahi. Na farkon da ya mayar ma ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau.

Ka yi yadda muka yi. Ka ɗora madabod a kan kwalinsa, a bisa tebur. Kada ka yi aikin nan a kan kafet ko katifa. Na san ɗakunan ɗalibai, komai a ƙasa ake yi, amma iskar Madina busasshiya ce, ga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ƙara busar da ita, jiki yana tara irin wutar nan da ke tartsatsi idan ka taɓa ƙofar mota. Ka riƙa taɓa ƙarfen kes kafin ka ɗauki kowane abu, ka riƙe kaya ta gefensu. Ka bar farosesa da fankarta, ram guda ɗaya, da manyan wayoyi biyu. Ba hadis, ba wayoyin USB na gaban kes, ba fitilun ado, har katin hoto ka ajiye shi tukuna. Ka tayar da sukundireba. Idan ta tashi, ka kashe, ka ƙara abu ɗaya, ka sake tayarwa, haka har ka kai ga wanda da zarar ya shiga take mutuwa. Abu ɗaya a kowane zagaye. Wanda ya canza uku a lokaci guda, ko ta tashi bai san dalili ba.

Idan har a kan kwali ta ƙi, kuma fawa saflai ya ci gwajinsa, sai ka cire batirin madabod, wannan mai kama da kwabo, CR2032, na minti biyar bayan ka zare fulogi, ka mayar. Daga nan ka duba farosesa. Taka irin mai shiga mazaunin AM4 ce, ƙafafunta 1331 a jikinta suke. Wajen cire fankar ka ɗan murɗa ta hagu da dama kafin ka ɗaga, domin man da ke tsakani yana iya manne su ka fizgo farosesar daga mazauninta. Ka ɗaga sandar mazaunin, ka fito da ita, ka karkata ta a gaban haske ka bi layukan da ido. Ƙafa ɗaya da ta kwanta za ta fito fili. In ka ga haka kada ka sa allura da kanka a karon farko, ka kai wa wanda hannunsa ya saba. Wajen mayarwa, alamar kusurwa uku ta jikinta ta dace da ta mazaunin, kuma ta faɗa da kanta ba dannawa.

Abin da zai iya tarar ka bayan ta tashi

Ina faɗa maka wannan tun yanzu don kada hankalinka ya sake tashi. Haɗin da ka zaɓa yana da tarko biyu. Na farko, Ryzen 5 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta, ba kamar 5600G ba. Ramin HDMI da ke bayan madabod ba zai ba ka komai ba, dole wayar sikirin ta shiga katin hoto, kuma katin ya samu tasa wayar wuta. Na biyu, B450 ya fito ne a 2018, jerin Ryzen 5000 kuma a ƙarshen 2020 ya fara fitowa, ita 5600 ma sai 2022. Allon da ya daɗe a sito yana iya zuwa da tsohon BIOS da bai san wannan farosesa ba: fanka za ta juya, sikirin ya ƙi kawowa. Ka duba kwalin ko akwai tambarin da ke cewa ya shirya wa Ryzen 5000. In babu, ka duba bayan allon ko yana da maɓallin sabunta BIOS ta filasha ba tare da farosesa ba. Wasu B450 suna da shi, wasu ba su da shi. In naka ba shi da shi, mai gyara zai sa tsohuwar farosesa ya sabunta maka cikin ɗan lokaci, aiki ne mai sauƙin kuɗi.

Ram kuma, idan ramukan huɗu ne, yawanci na biyu da na huɗu daga farosesa ake fara cikawa, ka danna har maƙallan su rufe da kansu. Idan allonka yana da 'yan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne tana nuna maka wurin da aka maƙale.

Iyakar abin da zan iya daga nesa

Daga Jidda ba zan iya ganin teburinka ba, kuma akwai matakin da bayani ba ya wucewa. Idan fawa saflai ya tashi shi kaɗai, an gwada a kan kwali, ƙafafun farosesa lafiya, amma har yanzu shiru, to saura a raba tsakanin madabod da farosesa da fawa saflai mai rauni, kuma wannan sai da kayan musaya. Ni ma a shago haka nake yi, in sa wani fawa saflai da na yarda da shi, in sa wata farosesa. A nan ne maganar abokinka za ta iya zama gaskiya, domin sabon madabod yakan zo a mace daga kamfani, sai dai ba shi ne abin da aka fi gani ba.

Ko da hakan ta tabbata, ba sayen wani za ka yi ba, canji za ka nema. Ka adana fatura, wato rasit, da kwalaye da duk abin da ya zo ciki. Wanda ka saya a cikin ƙasa yana da damani, wato garanti, ka koma da faturarka. Na intanet kuwa ka shiga yau ka duba kwanakin da suka rage maka na mayarwa, musamman idan daga waje aka turo shi, don wa'adin yana tafiya ko kana bincike ko ba ka yi. Ka ɗauki hoton allon gaba da baya da mazaunin farosesa kafin ka rufe kwalin, saboda masu sayarwa ba sa karɓar abin da ya karce ko ya lanƙwashe, kuma hoton ne shaidarka.

Ka fara da takardar jikin fawa saflai da gwajin sukundireba, duka biyun ba za su ci maka minti goma ba. Idan ka yi, ka rubuto mini cikakken sunan madabod ɗin da na fawa saflai, da abin da ka gani: fanka ta motsa ko ba ta motsa ba, wace fitila ce ta kama, kuma a wane soket ka gwada.